Ruwan Bakin Dada

Da 'yata ta haihu a sanyin bana, tun kafin a sallamo ta daga asibiti ta tura saƙon murya a zauren 'yan uwa na waya. Ta gode wa kowa, ta nemi addu'a, sannan ta ce duk mai fama da mura ko tari ya yi haƙuri ya ɗaga zuwa barka sai ya warke, wanda ya zo kuma akwai ruwa da sabulu a bakin ƙofa. Na saurari saƙon, na sake saurara, ina jiran in ji wanda zai fara fushi. Ba wanda ya yi. Sai "Allah ya raya" da "hakan ya yi kyau" ake ta turowa. Ni dai ban yarda da wannan shirun gaba ɗaya ba, don na san mutanenmu, abin da ake rubutawa a waya daban yake da abin da ake faɗa a tsakar gida. Amma ko an yi gulma a ɓoye aka yi ta, kuma jaririyar tana kwance a ɗakinta ba wanda ya yi tari a kanta. A zamanin da na yi haihuwar fari wannan maganar ba ta faɗuwa. Na taɓa gwada faɗin rabinta, kuma har yau ban gama sanin ko na faɗe ta yadda ya kamata ba.

Sanyin Potiskum na wancan lokaci da kunne nake fara tuna shi kafin jiki. Gidanmu yana Bolewa, a wani lungu da gidaje suke jingine da juna, katangu gajeru, in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar ka amsa masa. Kakanninmu fataken goro ne daga Kano, suka zo suka zauna. Maƙwabtanmu kuwa akwai Bolawa, akwai Barebari, akwai Fulanin da suka ajiye sanda suka shigo gari. Da asuba abin da ke fara tashin mutum shi ne gurnanin manyan motocin shanu a bakin titi, suna ɗumama inji kafin su kama hanya. Sai kiran salla, sai ƙarar guga a rijiya, sai kuma tari. Gida-gida ake yin sa, na tsofaffi mai kauri, na yara mai kaifi, har kana iya gane gidan da aka kwana ba lafiya ba tare da ka leƙa ba. Yanzu in na farka, kukan keken haya da na janareto sun rufe komai. Wataƙila tarin yana nan yadda yake, jin sa ne muka daina. Wataƙila kuma ya ragu da gaske. Ban isa in yanke ba.

Ina cikin 'yan matan unguwa ƙalilan da aka bari suka kai jami'a. Koyarwa na karanta, kuma a cikin karatun an ɗan koya mana kiwon lafiyar yara, gwargwadon abin da malamar makaranta za ta buƙata. Ni ba likita ba ce, ban taɓa cewa ni ce ba. Abin da na sani ya isa ya hana ni barci, bai isa ya sa in bugi ƙirji a gaban manya ba. Mijina malami ne a Gadaka, sai ƙarshen mako yake shigowa gari. Da cikina ya tsufa aka dawo da ni gida wurin Inna, mahaifiyata, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Na haifi namiji, ɗan ƙarami, a daidai lokacin da ɗari ya kankama, lokacin da ruwan randa yake cizon haƙori.

Ba zan ce Inna ba ta san kare jariri daga sanyi ba. Ta sani, kuma da yawa daga abin da take yi har gobe ina ganin daidai ne. Ba a fito da shi waje sai hantsi ya dubi tsakar gida sosai. Ba a yi masa wanka sai an rufe ƙofa, ruwan kuma da gwiwar hannu take gwada shi. Tsummokinsa ba sa kai magariba a kan igiya. Hula ba ta barin kansa, in ta zame sai ka ji muryarta daga madafi tana cewa a rufe masa kai, ta maɗiga sanyi yake shiga. Tana murza masa man shanu a ƙirji da tafin ƙafa, ni kuma tana ɗura mini kunun kanwa da romo mai yaji don nono ya kawo. Safe da yamma tukunyar wankan jego tana tafasa a bayan ɗaki, ana fyaɗa mini ruwan da ganyen maina, wato darbejiya, har sai na ga jiri. Yanzu 'yata butar lantarki take jonawa, ta yi wanka a banɗaki mai tayil, ta ce ruwan zafin nan namu azaba ce kawai. Ban musa mata ba, ban kuma goyi bayanta ba.

Inda muka saɓa da Inna shi ne kasko. Da yamma ta yi sai ta cika shi da gawayi, ta hura, ta shigo da shi ɗakin tun yana hayaƙi, ta zuba turaren wuta a kai, sannan ta cusa tsohon zani a tagar ɗakin don kada iska ta shigo. Ɗakin yakan yi ɗumi da ƙamshi, amma ni kaina yakan yi nauyi, sai in riƙa duban ɗan hancin yaron ina tunanin me yake shaƙa. Ban iya yi mata magana ba. Abin da nake yi, in ta fita sai in ja gefen zanin in bar 'yar kafa. In ta shigo sai ta mayar da shi da yatsa ɗaya ba tare da ta dube ni ba. Haka muka yi ta yi, ni ina zargin hayaƙinta, ita tana zargin iskata, ba wadda ta buɗe baki.

Sai kuma 'yan barka. Wanda bai ga barkar zamanin da ba, da wuya ya gane abin da nake nufi. Mata sukan cika ɗaki har bakin ƙofa, jariri yana yawo daga cinya zuwa cinya kamar ƙwaryar goro. Wannan ta buɗe masa ido ta ce na ubansa ne, waccan ta sa yatsa a bakinsa ta duba ko yana da belu, tsofaffi kuma kowace sai ta yi addu'a ta tofa masa a ka. Rabinsu suna jan hanci, suna sharce majina da gefen mayafi. Ni kuwa da yake ɗan farina ne, kunya ta hana in nuna ma na san yana ɗakin. Ba a son a ga uwa tana bin ɗan farinta da ido, balle ta miƙa hannu ta karɓe shi daga babba. Sai in sunkuyar da kai ina amsa gaisuwa, kunnena yana ƙirga masu tari.

A cikin masu tarin akwai Dada. Bafulatana ce, tsohuwa siririya, tana zaune a gidan ƙarshen lungunmu. Mijinta dillalin shanu ne, ya rasu, 'ya'yanta kuma sun bi dabbobi sun yi nisa. Ƙawar Inna ce tun suna amare, kuma ita take kawo mana man shanun da ake shafa wa yaron, ba ta taɓa yarda an biya ta ba. Ni takan kira ni ɓingel, wato ɗiyata a bakinsu, yaron kuma angonta, tana yi masa tsiyar cewa ya zo duniya ba ko saniya ɗaya ta sadaki. Tun ƙarshen damina take tari, wani busasshen tari da yake girgiza kafaɗunta. Kullum da hantsi sai ta shigo.

Akwai abin da ake faɗa a kanta, ko in ce abin da ake kusan faɗa. A sanyin da ya gabata jarirai biyu sun rasu a lungun, kuma wata ta tuna cewa Dada ta ɗauki kowannensu kafin ya kwanta. Ba wanda ya tuna cewa duk matan lungun ma sun ɗauke su. Kalmar mayya ba a furta ta a fili, sai dai a ce tsohuwar nan idonta yana da nauyi, ko a ce a dai riƙa addu'a. In ta yi sallama a gidan da ke da jariri, nan take uwar za ta tuna cewa yanzu ya yi barci, ko ta juya baya ta sa shi a nono. Inna ta ga wannan, ya kuma ci mata rai. Maganin da ta samo shi ne, duk lokacin da Dada ta shigo gidanmu, ita da kanta za ta ɗauko jikanta ta ɗora mata a cinya, a gaban kowa, ta bar shi a can fiye da yadda take barin sa wurin kowa.

To ka ga inda na tsaya. Ni ma ina tsoron cinyar Dada, kamar sauran matan lungu, sai dai abin da nake tsoro daban ne. Tana kawar da kai in tarin ya taso, tana rufe baki da mayafi, amma wani lokaci yakan riga ta. Na daure har na gaji, ran nan bayan ta fita na ce wa Inna, cikin ladabi iyakar iyawata, ko za a ɗan rage ba Dada yaron har tarinta ya lafa. Inna tana tankaɗe, ta ajiye rariyar ta dube ni.

"Ke ma kin bi sahunsu ke nan? Da karatun naki?"

Na ce ba haka nake nufi ba, tarin nake ji. Na fara bayanin yadda ciwo yake bin numfashi, ta katse ni.

"A lungun nan ba wanda zai ji tari. Ranar da kika janye shi daga hannunta, kin gama kiran ta da sunan da suke jin nauyin kira. Kuma daga gidana."

Gaskiya ta faɗa. Sai na koma dabara irin ta sauran mata, wadda nake raina su a kai. Ina jin sallamarta sai in sa shi a nono. Dada takan zauna a bakin gado ta ce ba komai, a bar ango ya gama kalaci, ita ba ta da gaggawa. Ta jira, ya gama, Inna ta miƙa mata. Sau ɗaya na ɗaga kai muka haɗa ido, kuma ina jin ta gane. Ban tabbata ba, amma ina jin ta gane.

Bayan suna da 'yan kwanaki ya fara atishawa. Hanci ya toshe, Inna ta ɗiga masa man shanu, ta ce mura ce ta shiga duniya, kowane jariri yana yi. Na so in yarda. Amma sai ya fara kama nono yana saki, jikinsa ya ɗau zafi, kukansa ya koma siriri. Wata safiya na buɗe rigarsa don in canza masa, na ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, numfashin kuma sauri-sauri, da wani ɗan gurnani a ƙarshensa. Wannan kam an nuna mana a makaranta, an kuma ce in an gan shi ba a jira. Na zauna da shi a hannu ina lissafa waɗanda nake zargi. Dada da tarinta. Kaskon Inna. Mijina, da ya zo daga Gadaka yana jan hanci ya ɗauke shi ya sumbace shi. Taron suna. Ni kaina, da kafar da nake buɗewa a taga. Duk wanda na ɗora wa laifin sai in ga ya zauna daidai.

Baba ya tafi Kano sarin goro, mijina ya koma wurin aiki, waya kuwa a lokacin sai a gidan waya. Na ce wa Inna asibiti za mu. Ba ta musa ba, ta aika gidan wani maƙwabcinmu mai akori-kura, aka ce ya kai kaya kasuwar hatsi, da ya sauke zai zo. Kafin ya zo sai ga Goggo, yayar Baba, wadda in ta yi magana a gidanmu ko Baba sai ya yi shiru. Ita ce take kira na Malama, da wata murya da ba ta girmamawa ba. Ta karɓi yaron, ta buɗe idonsa, ta shafa maɗigarsa, ta ce wannan ba sanyi ba ne, an kama masa kurwa, kuma kowa ya san wadda ta kama. Ta ce wanda aka kama in aka yi masa allura an gama da shi. Maganin ɗaya ne, wanda aka gada: a kira mai shi ta kuskure bakinta da ruwa, ta mayar a ƙoƙo, a ɗura wa yaron, sai ta sake shi.

Inna ta ce ba za a aika a kira Dada don wannan ba, sai dai bayan ranta. Suka yi ta yi, murya ta tashi, kuma na faɗa maka yadda katangunmu suke. Kafin a jima tsakar gida ta cika da mata, wasu da muciya a hannu, wasu da goyo. Kowa tana ba da labarin wanda aka yi wa haka a garinsu ya tashi. Ni ina bakin ƙofar ɗaki da yaron a ƙirji, kunnena yana kan titi ko zan ji motar.

Ba wanda ya aika, Dada da kanta ta zo. Ta yi sallama a hankali, ba wadda ta amsa sai Inna. Ba ta gaisa da kowa ba. Ta wuce wurin randa, ta ɗauki ɗan ƙoƙon da ke kan murfin, ta ɗebi ruwa, ta kurɓa, ta kuskure baki, ta mayar a ciki. Ta tako har gabana ta tsaya. Tari ya taso mata, ta danne shi har idonta ya kawo ruwa.

"Ɓingel, ni ban san na riƙe kowa ba," ta ce. "Amma in ni ce, ga shi, a ba shi. Ni dai ya tashi."

Inna ta juya fuskarta ga bango. Goggo ta ce, "Karɓi mana, Malama. Ko shi ma sai an duba littafi?"

Na sha komawa wannan tsayuwar a raina. In na karɓa, na yarda a gaban lungu duka cewa ƙawar uwata mayya ce, sannan na zuba wa yaron da ko ruwan randa bai isa sha ba ainihin abin da nake gudu tun ranar da aka haife shi. In na ƙi, kuma Allah ya karɓi abinsa a hanya ko a asibiti, to ni ce uwar da ta ture maganin ɗanta saboda girman kan boko, kuma da wannan sunan zan tsufa. Ba zan ɓoye ba, akwai wani ɗan lungu a zuciyata da yake cewa, in kuma Goggo ce da gaskiya fa? A gidan nan na tashi, da labaran nan aka yaye ni, digiri bai goge su duka ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne haƙarƙarin da nake ji yana shiga yana fita a ƙarƙashin tafina.

Na ce, "Dada, ba zan ba shi ba. Ba ki riƙe kowa ba. Tari kike yi, tarin nake tsoro tun farko, ba ke ba. Ko ruwan bakin Inna ne, ko nawa, ba zai sha ba."

Goggo ta ce wa ya tambaye ni, yaushe aka fara jin bakin uwa a kan ɗan fari. Sai na ji bakina ya ce ɗana ne. A gaban Inna, a gaban Goggo, a gaban matan da suka ga tashina. Wata ta ce tabɗi a hankali, wata ta rufe baki da mayafi.

"To, madalla," in ji Goggo. "In ya mutu, kowa ya ga hannun da ya ture ƙoƙon."

A nan aka yi hon a waje. Ban goya shi a baya ba, a ƙirji na ɗaure shi don in riƙa ganin numfashinsa, na lulluɓe mu da bargo. Inna ta zari mayafi ta biyo ni. Sai da na raɓa ta gefen Dada kafin in fita, tana nan tsaye inda take, ƙoƙon yana hannunta, ba wadda ta karɓa.

A asibiti wata nas ta buɗe ƙirjinsa, ta duba agogo tana ƙirga numfashi, ba ta gama ba ta kira likita. Suka ce limoniya ce, suka ba mu gado, aka fara allurar da Goggo ta ce za ta kashe shi. Da aka soka ta farko sai da na rufe ido. Da na buɗe na dubi ɗakin, gado-gado jarirai ne da irin numfashinsa, daga unguwanni da ƙauyukan da Dada ba ta taɓa takawa ba. Na ga Inna ma tana dubawa. Da likitan ya sake zagayowa na tambaye shi a ina yaron ya ɗauka. Ina so ya kama mini suna ɗaya, ko Dada, ko kasko, ko taga, in huta. Ya ce ba zai iya sani ba, lokacin ne, yara da yawa suna kamuwa. Ya ce a nisanta shi da hayaƙi da masu tari, a ba shi nono zalla, a kawo shi rigakafi a kan lokaci. Na fita da tambayata yadda na shiga da ita.

A hankali ya dawo. Zafin ya sauka, haƙarƙarin ya daina lotsawa, ran nan ya kama nono ya ƙi saki har sai da na yi kuka. Da muka koma gida na ɗauka magana ta ƙare, tunda ga shi ya tashi bai sha ruwan ba. Ashe lungu ya riga ya gyara labarin. Wasu suka ce asibiti ne. Wasu suka ce ai tun da Dada ta kuskure baki ta sake shi, kuma bayan fitarmu ruwan a bakin ƙofar ɗakinsa ta zubar, shi ya yi aiki. Goggo a kan wannan ta tsaya har ta koma ga Allah. Inna ba ta taɓa ce mini na yi daidai ba, ba ta kuma ce na yi kuskure ba. Abin da na lura, kaskon ya koma sai ya ruru a waje hayaƙin ya ƙare kafin ya shigo, ya ɗumama ɗakin a fitar da shi, kuma kafar tagar ta daina rufuwa. Dada ba ta ƙara shigowa ba. Inna ce ta riƙa zuwa wurinta, ita ta ja ta asibiti da ƙyar, aka ba ta magani, tarin ya yi ta raguwa har ya tafi.

In na dubi yaran yanzu nakan ga sun sami abin da ba mu samu ba. Akwai rigakafin da a lokacinmu ba mu san shi ba, akwai keken haya a bakin kowane lungu, uwa tana iya kiran nas a waya ta nuna mata ƙirjin yaro. Babban abin kuma, tana iya cewa kada a taɓa mata ɗa ba tare da an ji ta kira kowa mayya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ni na san nauyinsa. Amma zargin bai bar mu ba, wuri ya canza. Yanzu wasu allurar rigakafin suke zargi, wasu nas ɗin, wasu maƙwabciya mai yawan tambaya. Ni kaina har yau in na ga hannu ya miƙo wajen jariri, hancin mai hannun nake fara duba. Kuma akwai abin da ya tafi tare da cinyoyin nan. A da jariri na lungu ne gaba ɗaya, tsohuwar da ba ta da kowa tana da inda za ta je da hantsi. Ban ce a koma ba. Na ga gadajen asibitin nan da idona. Ina dai faɗin abin da na ga ya ragu.

Saboda jinyar, yawon arba'in ɗina ya yi latti, sai da sanyi ya fara sakin gari. Al'ada ce mai jego ta yi kwalliya ta zaga dangi da maƙwabta ta nuna musu yaro. Inna ta tsara mini gidajen da zan fara, na manya, na ce gidan ƙarshen lungu zan fara. Ta dube ni ta ce to. Na bi ta tsakiyar lungun da rana tsaka, don duk mai leƙe ta katanga ta gani.

Na sami Dada tana kaɗa nono a inuwar ɗakinta. Ta tashi da murna, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo kindirmo, ta tambayi Inna, ta tambayi mutanen Gadaka, ta tambayi ko nono yana isar yaron. Na kwance goyon. Ya yi ƙiba, yana wutsil-wutsil da ƙafa. Na durƙusa a gabanta na miƙa mata shi da hannu biyu. Sai ta mayar da hannayenta baya ta haɗe su.

Na ce, "Dada, ai tarin ya tafi."

"Na sani, ɓingel."

"To karɓe shi mana. Wurinki na fara kawo shi."

"Riƙe shi a nan," ta ce. "Idona bai mutu ba, ina ganin sa."

Na ci gaba da miƙawa, ina cewa ko za ta sake shawara. Ta matso da fuska kaɗan, ba sosai ba, ta dube shi tun daga hula har yatsun ƙafa, ta daɗe tana duba. Ta ce ya yi kyau, Allah ya raya, ya yi masa albarka. Hannuna ya gaji, na mayar da shi cinyata. Ta rayu shekaru bayan wannan, yaron ya yi wayo har yana zuwa gidanta da ƙafarsa tana ba shi nono a ludayi. Amma jariri, nawa ko na wani, ban ƙara jin wanda ya ce ya gan shi a hannun Dada ba.